Me ya sa aka kafa Karlskrona a kan tsibirai?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin bayani a kan Karlskrona, birnin sojojin ruwan Suwidin. Me ya sa aka kai sansanin can kudu, alhali Stockholm ce babban birni?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Sarki Karl na 11 ne ya kafa birnin a 1680, bayan yaƙin da suka gwabza da Denmark daga 1675 zuwa 1679, inda rundunar ruwan Suwidin ta sha kashi. Ruwan Stockholm yakan daskare a lokacin sanyi, jiragen yaƙi su maƙale har sai ƙanƙara ta narke, su kuwa abokan gaba suna kudu. Yankin Blekinge ma kansa, inda birnin yake, sai a 1658 Denmark ta miƙa shi ga Suwidin.

Malam Isa: Hajiya ta yi gaskiya, amma a ganina yanayin wurin ne babban dalili. Tsakiyar birnin tana kan tsibirin Trossö, wasu tsibirai kuma sun kewaye shi kamar ganuwa, don haka aka gina sansanonin Kungsholmen da Drottningskär suna fuskantar juna a mashigar teku. A tsibirin Lindholmen har yau akwai ginin katako mai tsawon kusan mita 300, inda ake tufka igiyoyin jirage a da. UNESCO ta sanya birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1998.

Malam Habu: Na gode ƙwarai. Ashe can ne jirgin Tarayyar Sobiyet mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya kafe a 1981?

Malam Isa: Haka ne, a watan Oktoba, kusa da sansanin.