Wane irin zanzaro ne ke gina ɗan tulu a jikin taga?

Bala: Assalamu alaikum. Akwai wani baƙin zanzaro mai dogon ƙugu da ke gina ɗakunan laka a jikin taga, kowane ɗaki da ɗan baki kamar na tulu. An fasa ɗaya, sai ga korayen tsutsotsi suna ɗan motsi. Wane iri ne? Kuma tsutsotsin nan 'ya'yansa ne?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ba 'ya'yansa ba ne, guzurinsu ne. Yadda ka kwatanta, ya fi kama da Delta emarginatum, wanda ya bazu a Afirka. Macen kaɗai ke gini. Ruwa take kurɓowa ta jiƙa busasshiyar ƙasa, ta dunƙule ta kawo. Da ta gama ɗaki sai ta fara saka ƙwai guda, ta rataye shi daga sama da wani siririn zare, sannan ta shiga farautar tsutsar ganye. Harbinta ba ya kashe tsutsar, shanye mata jiki yake yi, don matacciya za ta ruɓe kafin ɗan ya gama ci. Ɗaki ya cika, ta share bakin tulun ta liƙe.

Hajiya Ladi: Malam ya yi daidai, amma Bala, kada ka dogara da launi kawai. Dubi fiffike in ta sauka. Dangin Delta suna naɗe shi ta tsawo har ya zama siriri. Wani zanzaron kuma mai ginin laka, Sceliphron spirifex, mai ƙugu da ƙafafu ruwan ɗorawa, ba ya naɗewa, ɗakunansa dogaye ne a jere, kuma gizo-gizo yake tarawa, ya saka ƙwan a jikin ɗayansu. Abin da ke cikin ɗakin ma ya ishe ka shaida. Don tabbatar da ainihin nau'in, ɗauki hoton gefe da na fuska.

Malam Habu: Haka ne, Hajiya. Wani lokaci kuma abin da zai fito daga ɗakin ba zanzaron ba ne, wani ƙaramin ƙwaro ne kore mai ƙyalli, dangin Chrysididae, wanda uwarsa ta saka ƙwai a ciki, ɗanta ya cinye ɗan mai gida. Ɗakin da aka fasa kuwa ya lalace, tururuwa za ta kwashe. Ba kamar rina ba, zanzaro ba ya tare wa gidansa faɗa, sai an damƙe shi yake harbi. In ginin ya dame ka, jira ka ga huda a jikin kowane ɗaki, sannan ka kankare.