Mesata ta dawo da ɓera sau biyu: shawarwarin 'yan zaure

Abban Hanifa, Manchesta:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a kiwon macizai. Ina da mesar Amurka, wato bowa, mace, 'yar wata goma sha ɗaya, nauyinta giram 340. Ranar Asabar ta makon jiya na ba ta ɓera, ta haɗiye shi lafiya lau, amma da asubar Litinin wani wari ya tare ni tun daga bakin ƙofa, na tarar da ɓeran yashe kusa da kwanon ruwanta, gashinsa ya jiƙe sharkaf, yauƙi ya lulluɓe shi, kansa kaɗai ne ya fara narkewa. Tausayinta ya kama ni, na ga kamar yunwa za ta yi mata illa, sai na sake ba ta wani ranar Alhamis. Shi ma bai wuce kwana biyu ba ta dawo da shi. Yanzu tana kwance a maɓoyarta, fatar gefen wuyanta ta ɗan tattare. Ina da wata mesar, irin ta ƙasarmu mai naɗewa kamar ƙwallo, a ɗaki guda da ita. Don Allah ku ba ni haske.

Maman Sadiq, Hambog:
Wa alaikumus salam, Abban Hanifa, Allah ya ba ta lafiya. Kada ka sake sa mata komai a baki sai ruwa, har sai ta cika mako biyu a ƙalla daga ranar da ta yi na biyun. Abincin ranar Alhamis ɗin nan shi ne ya fi yi mata illa, ko da yake na san tausayi ne ya sa ka. Idan maciji ya dawo da abin da ya ci, ruwan tumbinsa mai tsananin tsami yana biyo abincin ya ƙona maƙoshi, kuma cikin yana buƙatar kwanaki kafin ya sake tara abin narkar da abinci. Wanda ya ɗora sabon ɓera a kan wannan rauni, ya gayyato amai na biyu da hannunsa, daga nan kuma sai abin ya zama jiki, har ta kai ko ɗan mitsitsin abu ba ya zama. Yunwar mako biyu ba ta kashe bowa mai irin wannan nauyi. Ƙishirwa ce abin tsoro, kuma tattarewar fatar da ka ambata alamarta ce. Ka sauya mata ruwa kullum, ka bar ta ta huta. Sannan ka faɗa mana: nawa ne zafin kejin, da me kake aunawa, nawa ne nauyin ɓeran, kuma ka ɗauke ta bayan ta ci?

Abban Hanifa:
Na gode, Hajiya. Ɓeran giram 60 ne. Ma'aunin zafin irin wanda ake mannawa a jikin gilashi ne, yana nuna digiri 28 da rana, amma ban taɓa dubawa da dare ba, kuma tun shigowar Nuwamba muke kashe hitar gida idan za mu kwanta saboda tsadar gas. Ranar Lahadi kuwa, washegarin cin na farko, 'ya'yan yayana sun zo, na fito da ita suka gan ta, ta ɗan yi minti goma a hannuna.

Ɗan Filato, Jos:
Yaya Abban Hanifa, ni ina ganin ka riga ka ba da amsa da bakinka. Abin da ya same ka ya same ni a hunturun bara. Na ba tawa abinci da yamma, wuta ta ɗauke cikin dare ta yi kwana biyu ba ta dawo ba, ga sanyin Jos a watan Janairu, rana ta uku na tarar da ɓeran ya kumbura a gefen kejin. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa, aron na waje yake yi, don haka idan wuri ya yi sanyi narkewar abinci tana tsayawa, ɓeran ya fara ruɓewa a ciki kafin tumbi ya cim masa, sai jiki ya fitar da shi don ya tsira. Wancan ma'aunin na manne iskar jikin gilashi kawai yake aunawa, bai san halin da ake ciki a inda cikinta yake taɓa ƙasa ba. Ka sayi na lantarki mai waya, ka sa bakin wayar a cikin maɓoyar ɓangaren ɗumi, ka zaɓi wanda yake ajiye mafi ƙanƙantar zafin da aka samu cikin dare. Ɓangaren ɗumi ya tsaya tsakanin digiri 30 da 32, ɓangaren sanyi kada ya gaza 24, laimar iska kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Duk abin ɗumama keji a haɗa shi da na'urar daidaita zafi, domin ƙuna ma wata masifar ce. Ni yanzu ba na ba da abinci sai na tabbatar batirin gidana zai ɗauki kwana uku.

Maman Sadiq:
Gaskiyar Ɗan Filato ne, kuma ɓeran ma ya yi mata girma. Giram 60 ga mai giram 340 ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta, alhali kashi ɗaya cikin goma ya wadatar, kuma kaurinsa bai kamata ya wuce inda jikinta ya fi kauri ba. Bowa tana narkar da abinci a hankali, ba ta son a cika mata ciki, musamman irin bowar nan masu jan wutsiya na asali da ake kawowa daga Suriname da Guyana, waɗanda masu kiwo suka sani da saurin amai tun suna ƙanana. Ɗaukarta a hannu kuwa sai bayan awa 48 da ci.

Likitan Dabbobi, Zariya:
Sannunku da ƙoƙari. Na yarda sanyi da girman ɓera da ɗaukar da aka yi mata sun isa su jawo wannan, kuma yawancin abin da ake kawo wa likita a kan aman maciji daga kiwo yake, ba daga cuta ba. Sai dai, Malam Abban Hanifa, tunda abin ya kai sau biyu, ina so ka kai ta wurin likitan da ya san dabbobi masu jan ciki, ba kowane mai duba kare da kyanwa ba. Mu muna bambanta abu biyu. Akwai wanda ya yi kama da tumbuɗin jariri, inda abinci yake dawowa jim kaɗan bayan ci, bai kai ga narkewa ba, wanda galibi firgita ko taɓawa ke jawo shi. Akwai kuma amai na sosai, bayan kwana biyu ko fiye, abincin ya fara narkewa yana ɗoyi. Bayaninka ya fi karkata ga na biyun.

Cutar da ta fi damuna a irin wannan ita ce kirifto, wata ƙwayar cuta ce da take zama a bangon tumbin maciji har ya yi kauri ya ƙanƙance, sai ka ga tsakiyar jiki ya yi wani kumburi mai tauri ko da babu abinci a ciki, maciji yana ci da marmari amma yana dawo da shi bayan kwanaki, yana ramewa a hankali. Ba ta da maganin da ake dogara da shi ya kawar da ita gaba ɗaya, kuma ƙwanta ba ya jin ruwan bilic, sai tururi mai zafi ko amoniya. Ana gano ta a kashi, ko a yauƙin jikin ɓeran da aka amayar, ko a ruwan wankin tumbi. Gwaji ɗaya ba ya wanke maciji, domin ba kullum yake zubar da ƙwan ba, kuma gwajin PCR, mai gano ƙwayar cuta ta ƙwayoyin halittarta, ya fi, saboda shi ne yake raba kirifton maciji da na ɓera wanda yake wucewa kawai ta hanji. Bayan ita akwai amiba mai kama hanji da hanta, da tsutsar ciki, da toshewar hanji idan ta haɗiye ɓawon itacen shimfiɗa tare da abinci. Idan ta sake amayarwa, ka sa ɓeran a leda ka ƙulle, ka ajiye a sanyin firij, ba a firiza ba, nesa da abincin gida, ka kai da wuri. Ka wanke hannu da sabulu sosai, domin macizai suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai kama mutane, kuma kana da yara.

Baba Mai Mesa, Atlanta:
Likita, Allah ya ƙara basira. Ni maganar mesa ta biyu da ke ɗakin ce ta hana ni yin shiru. Shekarun baya na sayi wata bowa a kasuwar baje kolin macizai, kyakkyawa, babu abin da za ka gani ka ƙi. Na sa ta ɗaki guda da sauran ba tare da killacewa ba. Ta yi wata huɗu tana ci, sannan ta fara amai jefi-jefi, ni kuma ina ta gyara zafi ina cewa sanyi ne. Kafin na farga, mesoshina biyu irin na Afirka sun fara ɗaga kai sama suna kallon rufi kamar masu ƙirga taurari, idan ka kifar da su ba sa iya juyowa, cikin 'yan makonni na rasa su duka. Cutar da ake kira IBD ce, wadda a shekarar 2012 masu bincike a Kalifoniya suka danganta ta da wani bairos. Bowa tana iya ɗaukarta wata da watanni, amai ne kawai alamar farko, amma mesa irin ta Afirka ba ta jurewa. Ba ta da magani. Ɗana, yau ɗin nan ka raba musu ɗaki, kowacce da kwanonta da abin miƙa mata abinci, ka fara da mai lafiyar kullum ka ƙare da mara lafiyar. Ka shimfiɗa mata farar takardar goge hannu a maimakon ɓawon itace, ka duba gefen idonta da ƙasan haɓarta da cikin kwanon ruwa ko za ka ga baƙaƙen ƙwari ƙanana kamar garin barkono, domin ana zargin ƙumar maciji da yaɗa cutar. Sannan ina ɗan saɓa wa 'yata Maman Sadiq: bayan amai biyu a jere, ni mako uku nake jira.

Ummi, Landan:
Baba, Allah ya mayar da alheri. Likita, na ji wasu suna ba da maganin Flagyl da kansu idan maciji ya yi amai, ko hakan yana da kyau?

Likitan Dabbobi:
A'a, ƙanwata, ban ba da wannan shawara ba. Maganin yana aiki a kan amiba, amma ba ya taɓa kirifto ko IBD, ba ya kuma gyara kejin da ya yi sanyi, kuma idan ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa har maciji ya riƙa tangaɗi, a ɗauka ma IBD ce. A gwada tukuna, likita ya auna bisa nauyi. Game da jira kuwa, mako ukun Baba ba zai cutar da ita ba muddin tana shan ruwa kuma nauyinta bai zube ba. A ɗora ta a sikeli sau ɗaya a mako, a rubuta.

Maman Sadiq:
Na karɓi gyaran Baba. Idan lokacin ya yi, ka fara da ɗan ɓera na giram 15 zuwa 20, wanda aka ciro daga firiza ya narke daga ƙanƙara har tsakiya. Ka matsa cikinsa da yatsa, in ka ji sanyi ko tauri bai yi ba. Idan idonta ya yi shuɗi-shuɗi tana shirin saɓa, ka ƙara jinkirtawa.

Abban Hanifa:
Jama'a, na dawo bayan kwana ashirin da shida. Sabon ma'aunin ya nuna cikin maɓoyarta yana sauka zuwa digiri 21 da asuba. Na haɗa na'urar daidaita zafi, na mayar da ɗaya mesar ɗakin sama. Likitan da na kai ta wurinsa ya ba ta ruwa ta allura, gwajin kashi na farko bai nuna komai ba, an ɗebi jini don IBD muna jiran sakamako, kuma ya ce in kawo kashi sau biyu nan gaba. Ranar Litinin na ba ta ɗan ɓera na giram 18, yau Juma'a yana nan a cikinta, ban taɓa ta ba. Baba, na duba kwanon ruwa da takardar kullum ban ga ƙwari ba. Likita, kwana nawa zan bari kafin na biyu, kuma in tsaya a wannan girman?