"Once in a blue moon": abu ne mai wuyar faruwa, ko wanda ba ya faruwa sam?

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata jimla da ta tsaya min: My brother calls me once in a blue moon. Tunda wata ba ya yin shuɗi, ana nufin ɗan'uwan ba ya kiranta ko kaɗan ke nan?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Yana kira, sai dai can ba a rasa ba. Duba waɗannan. We see each other once in a blue moon: mukan haɗu, amma sai an daɗe ƙwarai. She loses her temper once in a blue moon: da wuya ki ga ta fusata, amma takan yi. Galibi a ƙarshen jimla take zama. In an kawo ta farko, sai a sa waƙafi: Once in a blue moon, he arrives on time.

Bashir: Malam, a gafarce ni, amma Hadiza ba ta yi nisa da gaskiya ba. A 1528 an buga wata ƙasida ta Turanci mai sukar malaman coci, inda aka ce ko sun ce wata shuɗi ne, dole mutane su gaskata. Ka ga a lokacin shuɗin wata misali ne na abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Malam Sani: Tarihinka daidai ne, Bashir, amma ita jimlar yau ta tambaya. Duk Baturen da ya faɗi wannan yanzu, abin da yake nufi shi ne abin yana faruwa nadiran. In yana son ya ce har abada ba za a yi ba, sai ya ce when pigs fly, wato ranar da aladu suka tashi sama.

Injiniya Aminu: Bari in shigo ta fannin taurari, don shuɗin wata akwai shi a lissafi. Daga cikar wata zuwa wata cikar kwana 29 ne da rabi. Sau 12 ya ba da kimanin kwana 354, shekarar Miladiyya kuwa 365 ce. Rarar kwana 11 ɗin nan ita ke taruwa, duk bayan shekara biyu da rabi zuwa uku sai wata ya cika sau biyu a cikin watan Miladiyya guda. Cikar ta biyun ita ake kira blue moon. An yi a 31 ga Agusta 2023. A 2018 ma sau biyu aka yi, Janairu da Maris, Fabrairun shekarar ta wuce ba tare da wata ya cika ba. Wannan ma'anar ta bazu ne daga wata maƙala ta mujallar Sky & Telescope a 1946; kafin nan kalandar manoma ta jihar Maine a Amurka tana nufin cika ta uku a yanayin shekara (kamar bazara) da wata ya cika sau huɗu a cikinsa. A lissafin Hijira abin ba zai taɓa yiwuwa ba, tunda kowane wata daren sha huɗunsa ɗaya ne. Launin kuwa ba ya canzawa, sai in toka ta cika sama, kamar bayan aman wutar dutsen Krakatoa na Indonesiya a 1883.

Zainab: To Injiniya, ke nan ɗan'uwan can duk shekara biyu da rabi yake kira?

Injiniya Aminu: Ina! Ba mai riƙe kalanda in yana faɗar ta. Ko duk wata uku yake kira, in ita tana ganin ya yi kaɗan, ta faɗa daidai. Sau da yawa ƙorafi ne a lulluɓe.

Bashir: Ni da "jefi-jefi" zan fassara ta.

Malama Rabi: Ban yarda ba, ɗana. Jefi-jefi ya fi kusa da once in a while. I check my email once in a while: nakan leƙa lokaci-lokaci, ba wani abin mamaki. I check my email once in a blue moon: kada ma ka aiko min da saƙo ta nan, zai yi wata da watanni ban gani ba. Tazarar ba ɗaya ba ce. Sannan abu biyu da ɗalibai ke yawan yi. Sukan haɗa ta da korewa, su ce I don't visit him once in a blue moon, alhali ita kanta tana ɗauke da ma'anar ƙaranci. I visit him once in a blue moon ya wadatar. Sukan kuma ɗora ta kan abin da sau ɗaya ake yi. Ba a cewa I was born once in a blue moon. Sai abin da ke iya maimaituwa. A takardar aiki ko rahoto kuma, ku bar ta ku rubuta rarely, don maganar hira ce.

Hadiza: Na gode ƙwarai. Bari in gwada: Our teacher praise us once in a blue moon.

Malama Rabi: Wurin da kika ajiye ta ya yi, 'yata. Gyara aikatau kawai: praises, tunda malamin ɗaya ne.