Na biya hayar shekara, gidan bai zaunu ba: zan iya kai mai gida da dillali kotu?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, tura ta kai bango.

A watan Afrilu na kama gida a Ɗorayi nan Kano, ciki biyu da falo, naira 450,000 a shekara, dillali ya karɓi la'adarsa 45,000. Ranar da muka je dubawa gidan ya sha sabon fenti, amma na ga wani tabo a silin ɗin ɗakin yara. Na tambaya, dillalin ya ce tsohon yoyo ne, an riga an sake kwanon.

Ruwan farko ya ƙaryata shi. Muka jera bokitai muna haƙuri har Agusta, ranar da silin ɗin ya rufto wajen ƙarfe biyu na dare. Allah ya tsare, Khalifa ya gudo ɗakinmu saboda tsoron tsawa. Da na haska fitila, katifarsa ce a ƙasa, jiƙaƙƙen silin da katako a daidai inda yake ajiye kansa. Har yanzu idan na tuna sai jikina ya mutu. Ga sokawe ta cika, ruwan masai yana dawowa tsakar gida, ƙanwarsa ta yi kwana uku a asibiti da amai da gudawa. Yanzu uwarsu ta kwashe su sun koma gidan iyayenta.

Mai gidan yana Abuja, sau ɗaya ya ɗaga wayata ya ce in yi magana da dillali. Dillali kuma ya ce shi ɗan aike ne. Ina da rasit, amma ba mu yi yarjejeniya a rubuce ba. Kuɗin wata bakwai da suka rage nake so, da na asibiti. Wa zan kai ƙara, kuma wace kotu?

Malam Na-Gwale:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa, ya ba yarinya lafiya. Idan kotun shari'ar Musulunci za ka je, ka san wani abu tukuna. A mazhabar Malikiyya, sanannen zance shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara. Amma idan aibin mai cutarwa ne, kuma yoyon rufi ma shi malamai suka buga misali da shi, ɗan haya yana da zaɓi: ya warware hayar ya fita, kuɗin sauran lokacin ya dawo masa, ko ya zauna. In ya zaɓi zama, kuɗin haya cikakke yana kansa. Don haka kada ka bar kayanka a ciki wata da watanni sannan ka je wa alƙali da cewa gida bai zaunu ba. Ka fita, ka miƙa makulli a gaban shaidu biyu.

Barista Hauwa:

Malam ya faɗi gaskiya kan makulli, sai dai kafin ka fitar da ko cokali ka tara shaida. Ɗauki hoto da bidiyon silin da sokawen. Je ƙaramar hukuma ka nemi duba-gari su zo su gani, su rubuta rahoto. Takardar duba-gari da ta ce zama a gidan haɗari ne ga lafiya ta fi bakinka nauyi a gaban alƙali. Adana katin asibiti da rasit ɗin magani. Saƙonnin WhatsApp ma kotu tana karɓa a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, kada ka goge komai, kada ka sayar da wayar.

Rashin rubutacciyar yarjejeniya bai kashe maganarka ba, rasit ya tabbatar da haya. Amma ba zan ɓoye maka ba, a kotun majistare ba kai tsaye doka take ɗora wa mai gida gyaran gidan da ya bayar babu kaya a ciki ba, yawanci abin da aka yi alkawari ake dubawa. Ƙarfinka yana kan maganar nan ta “an sake kwano”. An faɗa maka abin da ba haka yake ba, a kansa ka biya. Shi ya sa dillali ba zai tsira da cewa shi ɗan aike ne ba, bakinsa ne ya furta. Ka haɗa su biyun. Akwai wanda ya ji lokacin da ya faɗa?

Fara rubuta musu takardar neman haƙƙinka, ka sa adadin kuɗin da wa'adi. In sun yi shiru, Kano tana da kotun ƙananan ƙararraki, ba dole sai da lauya ba.

Maman Ilham:

Ni na ga irin wannan a Kurna, bangon bayi ne ya tsage mana. Maigidana ya so kotu, surukina ya ce a fara zuwa wajen mai unguwa. Zama biyu aka yi, aka dawo mana da kuɗin wata biyar, muka yafe ɗaya. Dillali a unguwar yake cin abinci, ba ya son sunansa ya ɓaci a ƙofar mai unguwa. Ka gwada, amma duk abin da aka yanke a rubuta, kowa ya sa hannu.

Baban Khalifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Barista, ƙanina yana tsaye a wurin lokacin da ya faɗa, kuma yanzu na duba waya na tarar da saƙon muryar dillalin na watan Yuni yana cewa kafinta zai zo ranar Asabar. Gobe da safe zan je sakatariya neman duba-gari, da yamma in ga mai unguwa. Silin ɗin yana nan yadda ya faɗo, na hana a share.