Fita kallon taurarin nesa a wajen Sakkwato: yaushe, ina, kuma da me?

Nasiru Mabera ya tambaya:

Assalamu alaikum. Mu biyar ne muke shirin fita bayan gari mu kwana muna duba abubuwan da ke can cikin sararin sama, irin su galaksin Andiromeda (galaksi shi ne ƙaton tarin taurari mai nisa ƙwarai) da gajimaren Oriyon, waɗanda fitilun gari ke ɓoyewa. Kayan da ke hannu: teleskop mai madubi, faɗin milimita 130, tsawon zango (nisan da madubi ke tattara haske) milimita 650, da gilasan ido biyu, na milimita 25 da na 10, sai madubin hangen nesa mai ido biyu 10x50. Wasu cikinmu sun ce a bari sai Janairu tunda babu hadari ko kaɗan. Shin haka ne? Kuma wane gefen gari ya fi, kuma da me za mu fara? Allah ya saka da alheri.

Malam Bello Gidaɗawa ya amsa:

Wa'alaikumussalam, Nasiru. Masu cewa Janairu sun duba hadari sun manta da hazo. Rashin girgije daban, tsabtar sama daban. Ƙurar hunturu tana rataye a sama ko da dare, tana dusashe hasken da ke zuwa daga nesa, sannan tana kama hasken fitilun gari ta watsa shi ko'ina. Wata da Jupita ba su damu da ita sosai ba, suna da ƙarfi. Galaksi kuwa ɗan fari-fari ne mai rauni, hazo kaɗan ya isa ya haɗiye shi.

Lokacinku shi ne tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, wato daga ƙarshen Oktoba zuwa wajen tsakiyar Nuwamba. Ruwan ƙarshe ya wanke iska, ƙura ba ta taso ba. Tazarar gajeriya ce, wata shekarar ma hazo yakan yi sammako, saboda haka kada ku ɗage.

Sai farin wata, wanda ya fi kowace fitila ɓarna. Lissafinsa mai sauƙi ne a wurinmu tunda muna bin kwanan wata: daga daren 25 zuwa 3 ga sabon wata, kusan dukkan dare naku ne. Wajen 7 ga wata yana faɗuwa da tsakar dare, sai ku yi aiki bayan nan. Wajen 22 kuma da tsakar dare yake fitowa, ku yi aiki kafin nan. Daga 10 zuwa 18 ku zauna gida. A Nuwamba rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe shida, cikakken duhu kuma sai bayan kamar awa ɗaya da kwata, kusan lokacin Isha'i ke nan.

Ga gwajin da za ku yi kafin ku ƙona mai. Da yamma ku dubi rana: in ta koma farin faifai, ta ɓace tun ba ta taɓa ƙasa ba, akwai hazo, a fasa. Da dare ku nemi tauraron arewa, Polaris. Sakkwato na kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka shi ma digiri 13 kacal yake sama da ƙasa. Miƙa hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, to ɗaya da ɗan ƙari. In ya fito tas a wannan ƙasa-ƙasan, daren ya yi.

Alhaji Umaru Kanwuri ya amsa:

Malam Bello ya gama maganar lokaci. Ni batun wuri zan taɓa, don nan anka fi yin kuskure.

Hasken gari kamar kwano yake kife bisa gari, ana hango shi daga nesa. Ku yi nisan kilomita 30 zuwa 40, kuma ku sa garin a bayanku, ba tsakaninku da abin da kuke nema ba. In kunka nufi abubuwan kudu, ku fita ta kudu, wajen Boɗinga ko Dange, hasken ya koma arewa. Gefen Kalambaina ku bar shi, fitilun masana'antar siminti ba su mutuwa har safe. Bakin babbar hanya ma bai yi ba, mota guda in ta hasko ku ta ɓata muku rabin awa.

Na san wani zai ce madatsar ruwa ta Goronyo, don fili da duhu. Ban ba da wagga shawara ba. Kusa da ruwa ko fadamar Rima, raɓa na sauka kan gilashi da tsakar dare, sai ka ga taurari sun yi gashi-gashi ka zaci teleskop ya lalace. Ku nemi tudu mai busasshiyar ƙasa. Na biyu kuma, wanda ya fi, tsaro ne. Kowa ya san halin da gabashin jiha ke ciki, da wasu yankunan kan iyaka. Ba a kwana a dajin da ba a san ka ba don kallon tauraro.

Ku zaɓi ƙauyen da ɗayanku ke da dangi. Ku isa da rana, ku gaida maigari, ku nuna masa kayan, a sanar da 'yan banga. Bututu mai tsawon kamu ɗaya da rabi bisa ƙafafu, a cikin duhu, wanda bai san shi ba ba zai ce madubi ne ba. Ku zauna gefen gari, fegi ko filin makaranta, inda ana jin kiranku. Fitilar leza mai koren haske ku bar ta gida, tana jawo hankali daga nesa, ga kuma filin jirgin Sultan Abubakar III a kudancin birni.

Gonar da anka girbe ta fi ciyawa, amma ku share wurin tun da haske. Takalmi rufaffe, ba silifa ba, saboda kunama da kububuwa. Tabarma, rigar sanyi da hula, don bayan ƙarfe biyu sanyin kaka na shiga ƙashi. In ana ƙona kara kusa, ku koma gefen da iska ke fitowa.

Hajiya Asma'u ta amsa:

Ɗan'uwa Nasiru, kayanku sun isa, in dai an yi amfani da su daidai.

Girman da teleskop ke bayarwa shi ne tsawon zango a raba da lambar gilashin ido. 650 a raba da 25 ya ba da 26, a raba da 10 ya ba da 65. Sabon shiga yakan ɗauki na 65 da tunanin ya fi, sai ya rasa komai. Andiromeda faɗinta a sama ya kai digiri 3, kamar a jera cikakken wata shida, alhali gilashin 25 bai cika nuna digiri 2 ba. Da na 25 za ku nemi komai, da shi za ku kalli yawancinsu. Na 10 sai ga ƙananan abubuwa masu haske.

Abubuwa uku kafin dare. Hanyar ƙauye tana girgiza madubai su goce daga saiti, to da isarku ku leƙa ta ramin gilashin ido ku tabbatar ƙaramin madubin da ke bakin bututu na kallon tsakiyar babban da ke ƙasansa, a gyara ƙaramin da sukurorinsa, babban kuma da sukurorin baya. Alamar rashin saiti ita ce tauraro ya fito da ɗan wutsiya ko a tsakiyar gani. Sannan ɗan madubin saiti na saman bututu: ku daidaita shi tun da rana a kan hasumiyar masallaci ko turken waya mai nisa, kuma kada a kuskura a juya bututu wajen rana, makanta ce nan take. Daga nan ku ajiye teleskop a fili minti 30 zuwa 40. Madubin da ya daɗe cikin zafin mota yana fitar da ɗumi a cikin bututu, hoton ya riƙa rawa kamar ana kallo ta saman murhu.

Idonku ma kayan aiki ne. Yana bukatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma kallo ɗaya na fuskar waya ya mayar da shi farko. Ku ɗaure jar leda ninki uku a kan tocila da roba. Manhajar Stellarium kyauta ce, tana da yanayin dare mai jan launi, ku kunna shi ku rage hasken waya har ƙasa. Ku kashe fitilar cikin mota wadda ke kamawa in an buɗe ƙofa, wannan kowa na mantawa da ita.

In abu ya yi rauni, kada ka zuba masa ido kai tsaye, kalli ɗan gefensa. Gefen ido ya fi tsakiya jin ƙaramin haske. Ɗan ƙwanƙwasa bututun ma yana taimakawa, ido na saurin kama abin da ya motsa.

Ƙura kuwa, in ta hau madubi kada a goge da gefen riga ko hankici. Yashi ne, zai karce rufin. A hura da ɗan famfon roba, a rufe. Ƙura kaɗan ba ta rage gani yadda karce ke yi.

Malam Bello Gidaɗawa ya ƙara:

Ga tsarin dare na tsakiyar Nuwamba, don kada ku yi ta lalube.

Bayan Isha'i ku ɗaga kai, za ku ga manyan taurari huɗu sun yi murabba'i kusan saman kai, shi ne Fegasus. Daga kusurwarsa ta arewa maso gabas, tauraron Alferaz, ku bi layi ku ƙirga biyu zuwa Mirak mai ɗan ja. Daga Mirak ku karkata arewa, ƙananan taurari biyu, a gefen na biyun akwai ɗan farin tabo. Andiromeda ke nan, lambarta a kundin masana M31, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5. A wuri mai duhu ido tsirara na ganinta, masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya ambace ta a matsayin ɗan gajimare tun shekarar 964. Wajen ƙarfe goma saura take kaiwa ƙololuwa, digiri 62 ta arewa. Da gilashin 25 ku nemi 'yan rakiyarta biyu, M32 mai kama da tauraro mai gashi, da M110 mai rauni. Galaksin M33 na ɗaya gefen Mirak da kusan nisa ɗaya, amma haskenta a baje yake. In kun gan ta a 10x50, wurinku ya yi duhu na gaske.

Tsakanin taurari biyar masu siffar W a arewa da rukunin Fasiyus akwai tagwayen curin taurari, su biyun suna shiga gani ɗaya a gilashin 25. A kudu, kamar digiri 7 ƙasa da tauraron Difda, akwai galaksin NGC 253, doguwa siririya kamar ƙwayar shinkafa. Mutanen Turai na fama da ita don tana ƙasa a wurinsu, mu kuwa tana hawa sama da digiri 50.

Kaza da 'ya'yanta ku bar wa 10x50, ta fi faɗin teleskop. Ido na ƙirga shida ko bakwai, madubi zai nuna gommai. Oriyon na fitowa gabas wajen ƙarfe tara, amma ku ba shi har sha ɗaya ya hau. Gefen taurari uku da ke jere akwai wani gajeren layi, a tsakiyarsa gajimaren Oriyon yake, M42, gajimaren iska da ƙura inda ake haifar taurari, nisan tafiyar haske ta kusan shekara 1,350. Nan ne za ku sa gilashin 10 ku raba taurari huɗun da ke cikinsa. Kowane minti biyu ko uku sai an tura bututu, don duniya na juyawa digiri 15 a awa.

Ku gaya wa abokan tafiya tun a gida cewa ja da shuɗin da ake gani a intanet aikin kyamara ne da ta tara haske na dogon lokaci. Ido toka-toka zai gani, M42 kaɗai ke iya ɗan nuna kore. Babban curin Omega Sentauri, wanda ke hawa kusan digiri 30 a kudu, sai Afrilu da Mayu, a daren da ruwan farko ya kwantar da ƙura.

Nasiru Mabera ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Mun tsayar da daren 28 ga wata, a ƙauyen kawun ɗayanmu ta wajen Boɗinga. Hajiya, in raɓa ta hau ƙaramin madubi duk da haka, ya za a yi?

Hajiya Asma'u ta amsa:

Kada a goge. Tun farko ku naɗa kwali baƙi a bakin bututu ya ƙara masa kamar rabin kamu, gilasan ido kuma su zauna a aljihu don su riƙe ɗumi. In ta riga ta sauka, ku sunkuyar da bututun, ku yi masa fifita a hankali har ta ɗauke. Da asuba kada ku rufe shi da danshi, ku bar shi a buɗe a ɗaki ya bushe tukuna, in ba haka ba madubin zai yi fumfuna.