Shin hanyar Trump ce za ta dawo da giwa mulki?

Baban Fati (Aboabo): Salamu alaikum jama'a. Maganar da muka fara jiya a bes wajen ataya ba ta ƙare ba shi yasa na kawo ta nan. Ni dai ra'ayina na nan yadda yake, in NPP, jam'iyyar nan mai alamar giwa, na so ta sake ganin mulkin Gana to sai ta bi hanyar Trump. A zaɓen 2024 Mahama na NDC ya samu sama da kashi 56, Bawumia na NPP 41 da ɗoriya, wannan shan kaye ba na wasa ba ne. Kuma ba mu kaɗai ba, ku duba Ingila a watan Yulin 2024, jam'iyyar Conservative shekara 14 tana mulki amma kujeru 121 kacal ta tsira da su, Farage da Reform ɗinshi suka kwashe wajen kashi 14 na ƙuri'u. Shi kuwa Trump da ya fito ya ce Amurka farko, ai ya ci. Talaka ya gaji da 'yan kwat masu dogon turanci. A tsaya wa addini, a tsaya wa aure da tarbiyya, a kare kasuwa daga baƙi, Gana farko. Wannan ne ra'ayin riƙau na gaske, sauran duk zance ne.

Ɗan Alabar: Wa alaikumus salam Yaya. Baƙin su waye?

Baban Fati (Aboabo): Ka sani mana. Doka ta ce saye da sayarwa na ɗai-ɗai a cikin kasuwa na ɗan ƙasa ne, ba a kan haka aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, a 2019 ba? a bi dokar kawai.

Maman Ummi (Sabon Zongo): Baban Fati don Allah ka ji tsoron Allah, kai ɗan Zango ne kake wannan magana? Wlh tunda na karanta jikina ya yi sanyi. Ka je ka tambayi tsoffin gidanku abin da ya faru a watan Nuwamba 1969 lokacin Firayim Minista Busia, wanda NPP ta gaji gidan siyasarshi, sati biyu aka ba duk wanda ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Kakata Allah ya jiƙanta har ta rasu ba ta daina ba mu labarin maƙwabciyarta ba, Bayarabiya ce mai sayar da atamfa, a nan Kumasi ta haifi 'ya'yanta duka, ta sayar da keken ɗinkinta da kwanukanta a wulaƙance cikin kwana uku, ranar tafiya ta miƙa wa kakata makullin ɗaki ta ce ki riƙe min zan dawo. Makullin nan ni da idona na gan shi cikin kwallar kakata, ɗaure da tsumma, ya yi tsatsa. Matar ba ta dawo ba. Kuma a lokacin wa ya tsaya tantance Bahaushe da Bayarabe da Bazabarme? in sunanka Musa ko Salamatu kai baƙo ne har sai ka kawo shaida. Ni kaina da na je yin katin ɗan ƙasa a wani ofis sai da aka tambaye ni garin kakan kakana, wadda ke gabana a layi ba a tambaye ta komai ba. To in aka fara waƙar Gana farko ka ɗauka kai kana cikin Gana ɗin da suke nufi?

Baban Fati (Aboabo): Hajiya Allah ya jiƙan kaka. Amma wannan shekara hamsin da wani abu kenan, NPP ɗin nan ita ta ba mu Aliyu Mahama mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas, ta ba mu Bawumia takwas, ta tsayar da shi takara, ta kafa asusun raya Zango. Za mu mutu da 1969 a baki ne?

Malam na Tafo: Ku yi haƙuri in sa baki, dukkanku akwai gaskiya a hannunku amma tarihin ya fi haka tsawo. Mutane na mantawa cewa Zangon Kumasi da ɓangaren da ya haifi NPP aka fara tafiya. A shekarun 1950 akwai Muslim Association Party, ta haɗa kai da jam'iyyar NLM ta Baffour Akoto da jam'iyyar 'yan Arewa ta su Dombo, su ne suka narke suka zama United Party a 1957. Kuma Nkrumah ne a 1957 ɗin ya kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan daga ƙasar, manyan Zangon nan, saboda suna tare da 'yan adawa. Ka ga kenan korar baƙo ba gadon ɓangare ɗaya ba ne. To amma abin da nake so ka gane ƙanena, gidan Danquah da Busia da Dombo, wato tushen NPP, an gina shi ne kan cewa kowa ya mallaki abinshi, gwamnati ta rage sa hannu a kasuwa, a girmama kotu da sarakuna. Hanyar Trump ba wannan ba ce. Reagan buɗe kasuwa ya yi wa'azi, Trump haraji yake ɗora wa kayan kowa, mu kanmu Gana ya ɗora mana kashi 10 a watan Afrilun 2025 daga baya ya kai 15. NPP da Republican da Conservative duk ƙungiya ɗaya suke ta duniya, IDU, amma yau in ka zaunar da su ka ce mene ne ra'ayin riƙau amsa uku za ka ji.

Ɗan Alabar: Malam ka gama magana. Ni ɗan kasuwa ne bari in faɗa muku abin da ya kayar da giwa, aljihu ne ba aƙida ba. Jam'iyyar da ta ce za ta rage haraji ita ta kawo harajin ilebi a 2022, kashi ɗaya da rabi kan momo, wato tura kuɗi ta waya, kwastomomina na Tamale da Bawku suka daina turo kuɗi ta waya suka koma ba direba a ambulan. Disamban 2022 tsadar kaya ta haura kashi 54, da safe ka sayar da katan da yamma kuɗin ba za su sayo maka shi a kasuwar Adum ba. Sannan aka zo da askin nan, wato rage wa mutane abin da za su samu kan takardun bashin gwamnati, tsofaffi 'yan fansho suna zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi a Ankara babban birnin Gana, daga nan sai bashin IMF dala biliyan 3 a 2023. Wanda ya ce ma zai kare dukiyarka shi ya taɓa ta, ina ruwan wannan da baƙi?

Yayan Bronx: Ina biye da ku daga nan Amurka, yanzu na sauka daga aiki. Baban Fati ƙanena, kai kana hango Trump ne ta Facebook ni ina zaune a ciki. Gaskiya ne akwai musulmi da suka zaɓe shi a 2024, wasu saboda abin da ake koya wa yara a makaranta wasu saboda fushin Gaza, ban zarge su ba. Amma mutumin nan shi ne a 2017 ya hana 'yan wasu ƙasashen musulmi shiga. Kuma su kansu ba su jitu ba, ƙarshen 2024 Elon Musk da Steve Bannon suka yi ta caccakar juna kan bizar ƙwararru, ɗaya na cewa a kawo masu ilimi daga Indiya ɗaya na cewa a rufe ƙofa. Masu kuɗi na son ma'aikata masu arha, masu kishin ƙasa ba sa son ganin fuskarmu, wannan auren ba na ganin zai daɗe. A masallacinmu akwai waɗanda ko asibiti suna tsoron zuwa yanzu.

Baban Fati (Aboabo): Yaya na ji, Allah ya tsare ku. To maganar tarbiyya fa? ita ba wanda ya taɓa.

Maman Ummi (Sabon Zongo): Bari in taɓa ta. Dokar hana luwaɗi majalisa ta amince da ita a watan Fabrairun 2024, wa ya fi tsaya mata? Sam George, ɗan majalisa na NDC mai alamar lema. Wa ya sauka bai sa hannu ba? Shugaba Akufo-Addo na NPP, bayan ma'aikatar kuɗinshi ta ce za a iya rasa dala biliyan 3.8 na Bankin Duniya. Kenan a Gana tsoron Allah ba a hannun dama ko hagu yake ba, liman da fasto da sarki duk bakinsu ɗaya kan wannan, ba sai an aro Trump ba.

Malam na Tafo: Rabuwar ma tana cikin gida. Alan Kyerematen ya fice daga NPP a Satumban 2023 ya ɗauki malam buɗe littafi a matsayin alamar tafiyarshi. Kennedy Agyapong a fidda gwanin Nuwamban 2023 ya samu wajen kashi 37, mutane da yawa salon maganarshi ne ya ja su, ba ya tauna magana. Wato masu irin ra'ayinka suna nan da yawa Baban Fati, ban raina su ba. Tsorona kawai ranar da aka rasa abin faɗa kan sidi da aikin yi, harshe zai juya kan mai baƙon suna. A 1983 Najeriya ta rama, lokacin Shagari aka koro 'yan Gana wajen miliyan ɗaya, jakar nan ta Ghana Must Go har yau sunanmu take ɗauke da shi.

Baban Fati (Aboabo): Na yarda maganar baƙi na yi saurin baki, ita na janye ta. Amma sauran ban janye ba, jam'iyyar da ba ta iya magana da yaren mai tura baro a kasuwar Kejetia ba za ta dawo ba ko shekara nawa za a yi. Hajiya makullin nan yana nan har yanzu?

Maman Ummi (Sabon Zongo): Yana wajen innata. In ka shigo Sabon Zongo ranar Juma'a bayan an sauko ka biyo, za ta nuna maka, ita tana da shekara tara lokacin, ta raka su har tasha.