Wace hawainiya ce ta dace da wanda bai taɓa kiwo ba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin dabbobi ku taimaka mini, na rasa yadda zan yi.

Ɗana ɗan shekara 12 ya ƙwallafa rai a kan kiwon hawainiya. Har na sa an ƙera mana keji na waya, dogo, mun zuba rassa da shuke-shuke a ciki, amma zaɓen irin ya gagare ni.

Hawainiyar Yaman, mai tudu a ka kamar hula, ita aka fi yaba wa sabon shiga saboda juriya, namijinta kan kai shekara 6 zuwa 8. Abin da ya tsayar da ni, macen tana yin ƙwai ko babu namiji, kuma ƙwan kan maƙale mata ya kashe ta. Ta Madagaska mai launuka kuwa tsada gare ta. Mai ƙaho uku ta tsaunukan Kenya sanyi take so, na san ba za ta jure zafin Kano na watan Afrilu ba.

Wani ya ce in kamo ta gida kawai, irin wadda muke gani a kan zogale da damina. Zuciyata ba ta kwanta ba, don wadda aka kamo daga daji kan zo da tsutsar ciki, ta ƙi cin abinci.

Ga matsalar wuta: hawainiya tana bukatar fitilar UVB, wato fitila mai ba da haske irin na rana, wajen awa 12 kullum don ƙarfin ƙashinta. Shin hasken rana a tsakar gida zai wadatar? Kuma da rani ina zan riƙa samun gyare da fara masu rai?